Raguwar Aikin Tayirod Mai Sauƙi: Yadda Awon Jini Yake Sauyawa a Tsawon Lokaci

 Wannan bayani ne a kan wata mas'ala ta lafiya wadda ta fara yawo a bakin jama'a tun da ɗakunan awon jini suka yawaita a birane. Mutum zai je asibiti da kukan kasala, a ɗebi jininsa, takarda ta fito da wani abu mai suna TSH ya ɗan haura iyaka. Daga nan sai mutane su kasu biyu. Wani ya firgita, ya kama shan ƙwaya har iyakar rayuwarsa a kan awo guda ɗaya tak. Wani kuma ya cusa takardar ƙarƙashin katifa ya manta da ita, ko da kuwa mace ce mai neman haihuwa. Dukansu biyun suna iya cutuwa. Abin da zai raba gardama shi ne sanin yadda wannan awo yake hawa da sauka a cikin yini, da watanni, da shekaru, kuma shi ne abin da muka tattaro daga binciken da likitoci suka tabbatar.

Mene ne tayirod?

Tayirod wani ɗan sashe ne na jiki mai laushi da ke gaban wuya, ƙasa da tudun maƙogwaro. Ya rungumi bututun numfashi ta dama da hagu, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikansa. Nauyinsa a jikin baligi bai cika wuce giram 15 zuwa 25 ba. Larabawa suna ce masa al-guddatud daraƙiyya, daga kalmar daraƙa, wato garkuwa. Ma'anar sunansa ke nan a harshen Girka, inda likitan Ingila Thomas Wharton ya ɗauko masa suna a shekarar 1656. Idan ya kumbura ya fito fili, shi ne abin da muke kira maƙoƙo.

Aikinsa shi ne ya tattara sinadarin aidin daga abincin da muke ci, ya haɗa sinadarai biyu da jini yake kai wa kowace gaɓa, ana kiransu T4 da T3. Lambar tana nuna yawan ƙwayoyin aidin da ke jikin kowannensu. T4 ne ya fi yawa, kuma yana daɗewa a jini, sai bayan kimanin kwana 7 rabinsa yake ƙarewa. Hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su ne suke mayar da shi T3, wanda shi ne mai ƙarfin aiki. Waɗannan sinadarai su ne suke daidaita saurin ƙona abinci a jiki, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da motsin hanji, da girman ƙwaƙwalwar jariri.

Alaƙar tayirod da TSH

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu mai girman ƙwayar wake, ana ce masa fituwitari. Shi ne yake sa ido a kan yawan T4 da ke cikin jini, kuma saƙon da yake aika wa tayirod shi ne TSH. Idan T4 ya ragu, sai ya ƙara TSH domin tayirod ya ƙara himma. Idan T4 ya yi yawa, sai ya rage.

Misalin wannan kamar mai amalanke ne da jakinsa. Idan jakin yana tafiya yadda ya kamata, mai shi ba ya buƙatar ɗaga murya. Idan ya fara nawa, sai tsawa ta yawaita. Mai sauraro daga nesa zai gane jakin ya fara gajiya ta hanyar yawan tsawar, tun kafin kaya su makara zuwa kasuwa. Haka TSH yake: ɗan ragi kaɗan a T4 yana sa shi ya ninka. Shi ya sa likitoci suke fara auna shi kafin komai, kuma shi ya sa hawan TSH yake nufin raguwar aikin tayirod, ba ƙaruwarsa ba. Mutane da yawa suna juya wannan, don haka a kiyaye.

Ma'anar raguwa mai sauƙi

A yawancin ɗakunan awo, TSH na baligi mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0, wasu kuma sukan kai iyakar zuwa 4.5, da ma'aunin da ake rubutawa mU/L. Takardun da aka rubuta da Faransanci sukan sa waƙafi a madadin ɗigo, wato 4,5. Kowane ɗakin awo yana rubuta iyakarsa a gefen sakamako, kuma da ita ake aiki.

Raguwar aikin tayirod iri biyu ce. Ta farko ita ce bayyananniya: TSH ya hau, T4 kuma ya faɗi ƙasa da iyaka. Wannan cuta ce da babu saɓani a kan wajabcin yi mata magani. Ta biyu ita ce mai sauƙi, ko ɓoyayya: TSH ya hau, amma T4 yana nan cikin iyakarsa. A misalinmu na baya, tsawa ta yawaita amma kaya suna isa kasuwa a kan lokaci. Ita ce abin maganarmu. Likitoci sun kasa ta mataki biyu: wadda TSH bai kai 10 ba, kuma mafi yawan mutane a nan suke, da wadda ya kai 10 ko ya wuce.

Abu ne mai yawa a cikin jama'a. A babban binciken lafiyar al'umma na Amurka da aka fitar a 2002, an same ta a kashi 4.3 cikin 100 na mutane, alhali bayyananniyar ba ta wuce kashi 0.3 ba. A wani binciken da aka yi a jihar Kolorado a kan mutum fiye da 25,000, wanda ya fito a 2000, kashi 9.5 cikin 100 ne TSH ɗinsu ya haura iyaka. Ta fi yawa ga mata, kuma tana ƙaruwa da shekaru.

Alamominta kuwa, da yawa ba sa jin komai. Masu ji sukan ambaci kasala, jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida, ƙarin ƙiba da mantuwa. Sai dai waɗannan alamomi ne da ake samu ga dubban mutanen da tayirod ɗinsu lafiya lau yake. Ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin barci, yawan haihuwa kusa da kusa da damuwar zuciya duk suna kawo irinsu. Saboda haka ba a gane ta da alama, sai da awo.

Abubuwan da ke motsa TSH a ɗan gajeren lokaci

TSH ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko da a jikin mai cikakkiyar lafiya.

Na farko, lokacin yini. Yana kai ƙololuwarsa da dare, daga tsakar dare zuwa gab da asuba, sannan ya sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa da rana tsaka zuwa la'asar. Jinin da aka ɗiba da sassafe kafin karin kumallo yakan nuna lamba mafi girma a kan wanda aka ɗiba bayan an ci abinci. Mutumin da ke bakin iyaka zai iya fitowa mai lalura da safe, ya fito mai lafiya da yamma.

Na biyu, murmurewa daga wata cuta. Wanda ya tashi daga jinya mai tsanani, TSH ɗinsa yakan yi tsalle na ɗan lokaci, wani sa'in har kusan 20, sannan ya koma daidai da kansa. Don haka ba a gina hukunci a kan awon da aka yi wa mutum yana kwance ko yana farfaɗowa.

Na uku, kumburin tayirod mai wucewa. Yana zuwa bayan mura ko wata cutar ƙwayar bairas, yana kuma samun kimanin mace 1 cikin 20 a shekarar farko bayan haihuwa. Yakan fara da yawan sinadari, ya biyo da ƙaranci, kuma mafi yawansu suna warkewa cikin watanni.

Na huɗu, magunguna da ƙiba. Amiyodaron na bugun zuciya da litiyom na taɓin hankali suna ɗaga TSH. Ƙiba mai yawa ma tana ɗan ɗaga shi, kuma yakan sauka idan nauyi ya ragu. Ƙwayar biyotin da mata suke sha domin gashi da farce tana rikita na'urar awo a ɗakunan awo da yawa, don haka ana barinta kwana biyu ko uku kafin a ɗebi jini.

Na biyar, yanayi da halitta. A ƙasashen da ke da tsananin sanyi an lura TSH yana ɗan hawa da hunturu. Haka kuma wani bincike a ƙasar Danmak a 2002, da aka auna maza 16 masu lafiya kowane wata har shekara, ya nuna kowane mutum yana da tasa iyakar, wadda faɗinta kusan rabin iyakar jama'a ce. Ke nan kwatanta awon mutum da nasa na baya ya fi fa'ida a kan kwatanta shi da na maƙwabcinsa.

Saboda waɗannan dalilai, ƙa'idar likitoci ita ce: ba a cewa mutum yana da wannan lalura sai an maimaita awon bayan wata 2 zuwa 3, tare da T4, an kuma sake ganinsa a sama.

Hanyoyi uku da lamarin yake bi

Idan aka bar mutum ba magani, aka ci gaba da auna shi, ɗayan abu uku ne yake faruwa.

Hanya ta farko ita ce komawa daidai. Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. A wani bincike da aka yi a ƙasar Sifaniya, wanda ya fito a 2004, an bi mutum 107 da suka haura shekara 55 na kusan shekara uku. Kimanin kashi 37 cikin 100 TSH ɗinsu ya koma daidai ba tare da magani ba, kuma a cikin waɗanda suka fara da ƙasa da 10, fiye da rabi ne suka koma daidai. A wani binciken tsofaffi na Amurka da ya fito a 2012, bayan shekara biyu, kashi 46 cikin 100 na masu TSH tsakanin 4.5 da 6.9 sun koma daidai, amma masu 7 zuwa 9.9 kashi 10 ne kawai. Haka nan lokacin da ake tace mutanen da za su shiga babban gwajin nan na Turai mai suna TRUST, kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda takardunsu suka nuna hawan TSH an tarar ya sauka da aka maimaita.

Hanya ta biyu ita ce tsayawa. TSH ya zauna tsakanin 5 da 8, misali, yana ɗan hawa yana ɗan sauka, shekara da shekaru, T4 kuma bai motsa ba. A binciken Amurka da muka ambata, kashi 56 cikin 100 haka suka tsaya. A birnin Bazel na ƙasar Suwizalan an bi mata 82 na kimanin shekara 9, sakamakon ya fito a 2002: kashi 68 cikin 100 suna nan yadda suke.

Hanya ta uku ita ce gangarawa zuwa bayyananniyar cuta. Tana tafiya a hankali, kuma ba kowa take samu ba. Mafi shaharar hujja a nan ita ce binciken garin Wikam da ke kusa da Niyukasil a arewa maso gabashin Ingila. An auna mutum 2,779 tsakanin 1972 da 1974, aka sake nemansu bayan shekara 20, sakamakon ya fito a 1995. A cikin mata, wadda TSH ɗinta ya hau kawai, haɗarin gangarawarta kashi 2.6 cikin 100 ne a kowace shekara. Wadda ta haɗa hawan TSH da sojojin garkuwar jiki masu yaƙar tayirod, haɗarinta kashi 4.3 ne a shekara, wato a cikin shekara 20 fiye da rabinsu sun kamu.

Me yake nuna hanyar da mutum zai bi?

Abu mafi ƙarfi shi ne lambar TSH kanta. A binciken Bazel, matan da suka fara da 4 zuwa 6 babu ko ɗaya da ta gangara a cikin shekara 10. Masu sama da 6 zuwa 12, kimanin kashi 43 cikin 100 sun gangara. Masu sama da 12 kuwa, kimanin kashi 77 ne. Bambancin mai 5 da mai 13 ba ƙarami ba ne, ko da yake sunan lalurarsu ɗaya.

Abu na biyu shi ne awon da ake rubutawa anti-TPO. Yana nuna ko garkuwar jiki ta juyo tana yaƙar tayirod. Wannan ita ce cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya siffanta a 1912, kuma ita ce babban sababin raguwar aikin tayirod a inda aidin ya wadata. Wanda aka samu da ita, komawarsa daidai ta fi wuya, gangarawarsa ta fi kusa. Ana yin wannan awo sau ɗaya, babu buƙatar maimaita shi kowace shekara, kuma wannan sauƙi ne ga aljihu.

Abu na uku shi ne tarihin mutum: wanda aka taɓa yanke masa wani sashe na maƙoƙo, ko aka ba shi aidin mai haske domin kashe ƙarfin tayirod, ko aka gasa masa wuya da na'ura saboda ciwon daji, lamarinsa ya fi karkata ga ci gaba. Haka mai maƙoƙo, da wanda cutar take cikin danginsa, da mai ciwon suga nau'i na ɗaya.

Hukuncin tsofaffi daban yake

TSH yana hawa da shekaru ko da babu cuta. Nazarin da aka yi wa alƙaluman Amurka a 2007 ya nuna iyakar sama ga masu shekara 20 zuwa 29 kimanin 3.6 ce, ga waɗanda suka kai 80 kuwa kimanin 7.5. Ke nan dattijo mai shekara 82 da aka samu da 6 yana iya kasancewa lafiyarsa ƙalau, an dai auna shi ne da mudun samari. A birnin Laidin na ƙasar Holan an bi tsofaffi ƴan shekara 85, sakamakon ya fito a 2004: masu hawan TSH ba su fi sauran naƙasa ko mantuwa ba, mutuwa ma ta fi ƙaranci a cikinsu. Saboda haka ƴaƴan da suke kai iyayensu asibiti kada su matsa wa likita sai ya rubuta magani a kan ɗan hawa kaɗan.

Aidin, gishiri, gero da rogo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi maikirogiram 150 na aidin a yini, mai juna biyu da mai shayarwa kuma 250. Ƙasashen da suke nesa da teku, kamar Nijar da Chadi da arewacin Najeriya da na Kamaru, ƙasarsu da ruwansu ba su da wadataccen aidin, shi ya sa maƙoƙo ya daɗe da zama sananne a cikinmu, kuma shi ya sa hukumomi suka wajabta zuba aidin a gishirin sayarwa. Gishirin gargajiya da ake haƙowa galibi ba a zuba masa ba. Mai aidin ɗin ma, idan aka shanya shi a faranti a rana ko aka bar shi a buɗe cikin laima, ƙarfinsa yana raguwa. A ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da murhu.

Masu bincike a yankin Darfur na Sudan sun danganta yawan maƙoƙo a can da dogaro ga gero tare da ƙarancin aidin, domin gero yana da wasu sinadarai masu rage wa tayirod ƙarfi. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi aka sarrafa shi da kyau ba shi ma yana hana tayirod ɗaukar aidin. Wannan ba kira ne na barin fura da tuwo ba. Illar tana bayyana ne idan aidin ya yi ƙaranci, maganinta kuma gishiri mai aidin ne. A ɗaya gefen, wuce gona da iri ma yana cutarwa: wani bincike a ƙasar Sin da ya fito a 2006 ya nuna raguwa mai sauƙi ta fi yawa a yankunan da aidin ya yi musu yawa. Don haka kada mai wannan lalura ya sayi ƙwayoyin aidin ko na ciyawar teku yana sha da kansa.

Wa ake ba magani?

Maganin shi ne lebotayiroksin, wato T4 ɗin da aka haɗa a masana'anta. Babu shakka yana saukar da TSH. Abin tambaya shi ne ko mai shan sa yana jin sauƙi. Gwajin TRUST, wanda ya fito a 2017, ya ƙunshi mutum 737 ƴan shekara 65 zuwa sama a Sikotilan da Ayilan da Holan da Suwizalan. An ba rabi magani, rabi kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Sun fara da matsakaicin TSH 6.4. Bayan shekara, na masu magani ya sauka zuwa kimanin 3.6, na sauran ma ya sauka da kansa zuwa kimanin 5.5. Amma a wajen kasala da sauran alamomi babu bambanci tsakaninsu. A 2018 aka haɗa gwaje-gwaje 21 wuri ɗaya, aka samu irin wannan sakamako.

A gefe guda kuma, wani babban nazari na 2010 da ya haɗa mutum fiye da 55,000 ya nuna haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana ƙaruwa ƙwarai idan TSH ya kai 10 ko ya wuce. Daga waɗannan hujjoji ne ƙungiyoyin likitoci na Turai da Birtaniya suka fitar da tsari kamar haka:

- Wanda TSH ɗinsa ya kai 10 ko sama a awo biyu da ke da tazarar wata 3, musamman mai ƙasa da shekara 70, ana karkata ga ba shi magani.
- Mai ƙasa da shekara 65 da TSH ɗinsa bai kai 10 ba amma yana da alamomi, ana iya gwada masa magani na wata 6. Idan TSH ya daidaita alamomin ba su tafi ba, sai a dakatar, a nemi sababinsu a wani wuri.
- Wanda ba shi da alama kuma bai kai 10 ba, sa ido ya wadatar.
- Tsoho da ya haura 80, ana fifita haƙuri da bibiya matuƙar bai wuce 10 ba.

Yawan maganin yana da nasa haɗari. Idan ya danne TSH ƙasa da iyaka yana kawo rikicewar bugun zuciya, wanda ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma zaizaye ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada.

Mai juna biyu da mai neman haihuwa

Waɗannan ba su shiga cikin sassaucin da muka ambata ba. A watanni uku na farko ɗan tayi ba shi da tayirod mai aiki, da T4 na mahaifiyarsa ƙwaƙwalwarsa take ginuwa, kuma nasa ba ya kankama sai wajen tsakiyar ciki. Hawan TSH a wannan lokaci yana da alaƙa da ɓari da haihuwar bakwaini, musamman idan akwai anti-TPO. Iyakar TSH ga mai ciki ta fi ta sauran mutane ƙasa. Matar da ta san TSH ɗinta ya taɓa hawa ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, ko da zarar ta ga ɓatan wata. Wadda take kan magani kada ta daina saboda tsoron ya cutar da cikin. Buƙatarta ma ƙaruwa take yi, da kimanin kashi 25 zuwa 50 cikin 100, kuma ana auna ta kusan kowane mako 4 a rabin farko na cikin. Wannan nauyi ne a kan miji ya tsaya a kansa, da kuɗinsa da rakiyarsa.

Ladubban shan maganin, da mas'alar azumi

Ana fara shi da ƙaramin awo, galibi maikirogiram 25 zuwa 50, a sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8, domin jiki ba ya daidaita kafin haka. Ana shan sa sau ɗaya a yini da ruwa zalla, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ko lokacin kwanciya bayan awa 3 da cin abincin dare. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da ta kalsiyam, da maganin ƙwannafi suna hana hanji tsotse shi, a raba su da shi da awa 4. Kofi da madara da waken soya ma suna rage shi. Zafi da laima suna lalata ƙwayar, don haka kada a bar ta cikin mota ko kusa da taga, kuma a saye ta a kantin magani mai izini, ba a hannun masu talla a rana ba.

Game da Ramadan, wannan lalura ita kaɗai ba ta hana azumi, tunda maganinta sau ɗaya ne kuma ana iya mayar da shi dare. Haɗiye ƙwayar da rana yana karya azumi. Mai shan ta yana da zaɓi: ya farka ya sha ta rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko ya sha bayan tarawihi idan awa 3 ta wuce bai ci komai ba, sannan ya jinkirta ci bayanta. Likitoci sun lura TSH na masu magani yakan ɗan hau bayan Ramadan saboda cakuɗa ƙwayar da abinci, don haka kada a yi gaggawar ƙara awon magani a kan gwajin da aka yi a makon Sallah. Ɗibar ɗan jini domin awo kuwa ba ta karya azumi a wurin mafi yawan malamai.

Tsarin bibiya

Wanda aka samu TSH ɗinsa ya hau karo na farko, ya maimaita bayan wata 2 zuwa 3 tare da T4 da anti-TPO, a ɗakin awo ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, yana cikin ƙoshin lafiya. Idan ya tabbata kuma ba a ba shi magani ba, mai anti-TPO ko wanda aka taɓa yi wa aiki a tayirod ya auna sau ɗaya a shekara, wanda ba shi da su kuma duk shekara 2 zuwa 3. Ya adana takardunsa wuri ɗaya bisa jerin kwanan wata, ya riƙa zuwa da su gaban likita, domin jerin lambobi na shekaru ya fi lamba ɗaya bayani. Idan kuwa ya ga kumburi a wuya, ko dishewar murya, ko wahalar haɗiya, ko kumburin fuska da tsananin jin sanyi da yawan barci, ko mace ta samu ciki, to kada ya jira lokacin awo ya yi, ya tafi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu juna biyu lafiya.